Auta Ya San Amsar, Hannunsa Ne Bai Kai Ta Takarda Ba: Nazarin Lamari Daga Ƙasar Ringim

Yaron da wannan nazari ya shafa ɗan shekara 8 ne, yana aji biyu a wata firamaren gwamnati a wani ƙauye na ƙasar Ringim, jihar Jigawa. Zan riƙa ce masa Auta domin shi ne ƙarami a ɗakin uwarsa. Sunansa na yanka da na garin da na makarantar duk na sakaya su. Lamarinsa ya zo gabana ta hanyar aikina na duba ɗaliban kwalejin ilimi da ake turawa ƙauyuka koyon koyarwa. Mafi yawan abin da za a karanta a nan daga littafin lura na wata ɗaliba ne da aka ba ajin nasu, sai abin da na gani da idona, da abin da mutanen gidansu suka yarda a faɗa.

Hukuncin da aka riga aka yanke masa a makaranta gajere ne: daƙiƙi ne. Ya maimaita aji ɗaya, ga shi a aji biyu ba ya barin sahun ƙarshe a jarrabawa, har mahaifinsa ya fara cewa gara a cire shi da a yi ta asarar littafi da fensir. Tambayar da muka sa a gaba ita ce: kan ne ba ya ɗauka, ko kuwa wani abu ne ya tsaya tsakanin kan da takarda?

Abin da ake gani a aji

Ajin cike yake maƙil, benci bai ishi ko rabin yaran ba, Auta kuma yana cikin masu zaman ƙasa, littafi a kan cinya. Fensir yakan damƙe shi da tafin hannu gaba ɗaya, ya danna har takarda ta huje ko tsinin ya karye, sai ya tashi neman reza a fiƙe. Idan yana rubutu duk jikinsa ne ke aiki: kafaɗa ta ɗage, harshe ya leƙo, ɗayan hannun maimakon ya dafe littafin sai ya sandare a gefe. Kafin ya kwafe layi biyu an goge allo an shiga wani darasi. Haruffansa wani na hawan wani, lanƙwasar ɓ da ɗ takan ɓace ko ta juya baya. A lissafi kuwa ba ya iya jera lambobi wata ƙarƙashin wata, sai gidan goma ya faɗo ƙarƙashin gidan ɗaiɗai, amsa ta ɓaci ko da ya san yadda ake tarawa. Littafin da bai cika ba bulala ce ladansa, shi ya sa da an ce a ɗauko littafi sai ya ce zai zagaya.

Ɗalibar ta farga da shi ne ranar da ta ajiye alli ta yi musu lissafin baki. Ta ce wanda ya sayi ƙuli-ƙuli na naira 150 ya miƙa 500, nawa ne canjinsa? Kafin manyan ajin su gama ƙirga da yatsu, murya ta fito daga cikin masu zaman ƙasa ta ce 350. Ta ƙara masa wani, ya amsa. Da aka tashi tara sai ta ɗauko takardar jarrabawar da ya faɗi, ta zaunar da shi gindin darbejiya, tana karanta masa tambayoyin yana amsawa da baki. Waɗanda ya bari fayau a takarda, yawancinsu ya amsa su daidai. Ba duka ba. Karatun Hausa da ƙyar yake yi, yana haɗa baƙi da wasali a hankali, idan jimla ta yi tsawo kuma yakan manta farkonta. Amma wannan ba kan da ba ya ɗauka ba ne.

Gida, tsangaya da dandali

Gidan na gandu ne, ana noman gero da dawa da riɗi. Mahaifiyarsa ba mai yawan magana ba ce, kakarsa ta wajen uba ce ta riƙe zancen.

"Malama, wannan maigidan nawa tun yana goye hannunsa ba ya riƙe abu," in ji ta. "Ki ba shi kofin kunu, rabi a ciki rabi a riga. Har yau zariyar wandonsa yayarsa ke ɗaura masa."

"Iya, yaushe ya fara tafiya?"

"Ai ya sha zama, 'yar nan. Da girbin gero aka haife shi, bai taka ba sai da ruwan shuka na damina ta biyu ya sauka."

In aka lissafa, wajen wata 20 zuwa 21 ke nan. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon bin diddigin yara masu ƙoshin lafiya a Gana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka, inda aka ga kusan dukkansu sun yi tafiya su kaɗai tsakanin wata 8 da gab da wata 18. Tazarar tana da faɗi, shi ya sa bai kamata uwa ta tayar da hankalinta don ɗan maƙwabciya ya riga nata takawa ba. Sai dai Auta ya fita daga tazarar.

A daminar da ya taka ɗin aka yaye shi, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Kunun gero zalla yake sha, sai zawo da zazzaɓi suka haɗu masa, ya rame har aka auna damtsensa a asibitin gari aka ce tamowa ce, aka riƙa ba shi abincin leda na wasu makonni. Ya murmure, amma har yau in ya tsaya cikin sa'o'insa sai ka ɗauka ƙaninsu ne.

Shaidar da ta fi ba mu mamaki daga makarantar allo ta fito. Alaramma bai san ana ce wa yaron daƙiƙi a boko ba, da aka gaya masa sai ya yi dariya. Ya ce kansa na ja, ana biya masa sau biyu ko uku ya riƙe, ya ma ƙetare Sabbi ya bar wasu da suka girme shi. Abu ɗaya ne ya hana shi: sa'o'insa sun fara rubuta allonsu da kansu, shi har yanzu rubuta masa ake yi, domin in an ba shi alƙalami sai ya murƙushe bakinsa, tawada kuma ya kifar. Wato makarantar da ke auna shi da baki ta ga haziƙi, wadda ke auna shi da hannu ta ga daƙiƙi, yaron kuwa ɗaya ne.

A dandali ba ya cikin waɗanda ake rububi. In ana langa shi ke fara faɗuwa, gare ba ya yi masa nisa sai ya kwanta, in an raba ƙwallo shi ake bar wa tsaron takalma. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin yaron da aka daina zaɓa yakan daina gwadawa, wanda ya daina gwadawa kuwa tazarar da ke tsakaninsa da sa'o'insa sai ta yi ta buɗewa kowace shekara.

Gwajin da muka yi

Akwai gwajin motsin yara da masana ke amfani da shi a ƙasashe da dama, wanda aka fara bugawa a Ingila a 1992. Abu uku yake aunawa: aikin yatsu, jifa da cafewa, da iya tsayuwa ba tangaɗi. Mu ba mu da kayansa, kuma ba aikinmu ba ne ba da maki irin na asibiti. Abin da muka yi shi ne kwaikwayon waɗannan ukun da wake da kwalba da ƙwallon tsumma da layin da aka ja a ƙasa, muka haɗa shi da wasu sa'o'insa a yi tare kamar wasa, don kada ya ji shi kaɗai aka ware.

Tsayuwa da ƙafa ɗaya, kafin a ƙirga biyar ya dire, sauran kuwa sai da aka ce su sauke. Ƙwallo yakan jira ta bugi ƙirjinsa sannan ya rungume iska. Zura wake a kwalba ya yi, amma ya zo na ƙarshe da nisa. Muka duba ko bahago ne aka tilasta masa dama, domin wajen mutum ɗaya cikin goma bahago ne, kuma a gidajenmu da yawa ana bugun hannun hagu har yaro ya rasa wanda zai dogara da shi. Auta ba haka ba ne. Hagun ta fi damar muni.

Sai zane. Yawancin yara sukan kwafi da'ira tun suna wajen shekara 3, mai kusurwa huɗu a wajen 4 zuwa 5, alwatika a wajen 5 zuwa 6. Auta ya yi biyun farko, alwatikarsa kuwa kusurwoyinta sun ƙi haɗuwa. Amma da aka baje masa zanuka aka ce ya nuna wanda ya yi daidai da na allo, bai kuskure ko ɗaya ba. Ido na gani, hannu ne ba ya bi.

Gwajin da ya fi buɗe mana ido wasan jini-jini ne. Kowa ya san shi: mai bayarwa ya ambaci abu mai jini a amsa da "ja", in ya ambaci marar jini kamar dutse ko turmi a kame baki, wanda ya yi suɓul da baka ya faɗi. Wasa ne na danne abin da ya riga ya zo bakinka. Auta yana cikin na ƙarshe da suka rage. Sai muka sauya doka, aka ce maimakon "ja" a yi tsalle a tafa. Nan take ya rikice, ya riƙa tafa wa dutse. Haka da aka ce ya bi layi yana ƙirga daga 20 zuwa ƙasa: a zaune yana yi tsaf, a tafe kuwa ko ƙirgan ya tsaya ko ƙafar ta bar layi. Da zarar an haɗa masa motsi da tunani, ɗaya sai ya cinye ɗaya.

Inda motsi da tunani suke haɗuwa

Tsohon zance ne a ilimin tasowar yara cewa tunani daga motsi yake farawa. Jean Piaget, masanin nan ɗan ƙasar Suwizalan, ya ɗauki shekara biyun farko a matsayin lokacin da jariri ke sanin duniya da hannu da baki da ido: ya kama, ya jefar, ya kai baki, ya bi abin da ya gangara. Abin da binciken ƙwaƙwalwa ya ƙara daga baya shi ne nuna cewa haɗin bai yanke da yaye ba. A can ƙeya akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa wadda aka daɗe ana ɗauka daidaita motsi ne kawai aikinta. Nauyinta wajen kashi 10 cikin ɗari ne na ƙwaƙwalwa, amma ƙidayar da masu bincike na Birazil suka buga a 2009 ta nuna cewa cikin ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86 da ke kan mutum, wajen biliyan 69 a nan suke. A 2000 wata masaniya mai suna Adele Diamond ta tattara hujjojin cewa wannan sashe na ƙeya tare yake tashi aiki da sashen goshi, wanda ke kula da riƙe abu a ka da kame kai da sauya dabara, musamman in aikin sabo ne, ko mai wuya, ko mai son gaggawa.

Ga yadda abin yake a aji. Hankalin da yaro ke iya zubawa a kan abu a lokaci ɗaya ƙayyadadde ne. Mai koyon keke ko sallama aka yi masa ba ya iya amsawa, domin duk hankalinsa na kan kada ya faɗi. Wanda ya ƙware kuwa yana tafe yana hira, ga buhu a baya. Yaron da hannunsa ya saba da fensir ba ya tunanin yadda ake lanƙwasa harafi, hankalinsa na kan abin da jimlar ke cewa. Auta kuwa kowane harafi sai ya zauna a kansa. Kafin ya gama zana 7 ya manta abin da ya riƙe a ka zai kai gidan goma.

Bincike mai faɗi ya goyi bayan wannan, amma ba yadda masu tallar motsa jiki ke so ba. A 2010 David Grissmer da abokan aikinsa na Jami'ar Bajiniya suka duba bayanan dubban yara da aka bi shekara da shekaru a Amurka da Birtaniya. Suka tarar ƙwarewar yatsu a lokacin shiga makaranta, irin su kwafar zane da gina abu da 'yan katakai, tana nuna yadda yaro zai kasance a lissafi da karatu shekaru bayan haka. Manyan motsi, irin su tsalle da gudu, ba su nuna wannan ƙarfi ba. A 2015 wasu masu bincike a Holan suka tace nazarce-nazarcen da aka yi kan yara 'yan shekara 4 zuwa 16, suka ga dangantakar ba a kowane irin motsi take ba. Ta fi bayyana a aikin yatsu, da aikin da ke son ɓangarorin jiki biyu su yi tare, da motsin da ake yi kan lokaci, kuma ta fi ƙarfi kafin balaga. A 2012 kuma Karin James ta Jami'ar Indiyana ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar yara 'yan shekara 5 da ba su iya karatu ba tukuna. Sassan da manya ke karatu da su sun tashi ne a lokacin da yaran suka kalli haruffan da suka taɓa rubutawa da hannunsu, ba waɗanda suka buga a kwamfuta ko suka bi sawunsu a kan zanen wani ba. Ke nan jinkirin karatun Auta ma yana da alaƙa da hannun: wanda bai rubuta harafi da yawa ba yakan daɗe bai shaida shi da sauri ba.

A nan nake da ja da shawarar da ake kwasowa daga waje a zube mana yadda take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce 'yan shekara 5 zuwa 17 su riƙa samun aƙalla minti 60 na motsa jiki a rana, kuma shawara ce mai kyau ga ɗan birni da ya wuni a gaban waya. Yaron ƙauyen Jigawa da ke jan guga, ya kora dabbobi, ya taka zuwa makaranta ya dawo, ba gudu ne ya yi masa ƙaranci ba. Abin da bai samu ba shi ne fensir kafin aji ɗaya, da wurin ɗora littafi, da abincin da zai riƙe jikin. Manufar ilimi ta ƙasa, bugun 2013, ta saka shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya, inda ya kamata yara su yi ta zane da yanka takarda da murza laka. A makarantar su Auta ajin yana cikin takarda, amma ba malami ba ɗaki.

Kuma abu biyu su riƙa tafiya tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗaya. Sau da yawa akwai na uku da ya haife su duka. Wannan ne ya kai mu asibiti.

Asibiti

Inchajin asibitin gari ya duba fatar idonsa da tafin hannunsa, ya sa aka auna jini, aka tarar ya yi ƙasa. Aka ba shi maganin ƙarin jini da na tsutsar ciki. An gwada sikila a babban asibiti, babu. Ido da kunne lafiya, ƙafafu ƙarfinsu ɗaya, bai taɓa sanƙarau ko jijjiga ba.

A wannan fanni Auta ba baƙo ba ne a jiharsa. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Jigawa kuwa kashi 64, sannan kashi 68 na yaran ƙasar 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini. Wata likitar yara mai suna Betsy Lozoff ta bi wasu yara a Kosta Rika da suka yi fama da matsanancin ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini suna jarirai. Duk da an yi musu magani, da aka gwada su suna shekara 5, da kuma bayan fiye da shekara 10, sun kasance a baya a gwajin motsi da na tunani gaba ɗaya. Yunwa ba ta zaɓar hannu ta bar kai.

Akwai kuma abin da likitoci ke kira DCD a taƙaice, wato matsalar daidaita motsin gaɓoɓi da yaro ke tasowa da ita. Ana ƙiyasta ta a kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari na yara 'yan makaranta, ta fi yawa a maza, kuma ba taɓin hankali ba ce. Ana tabbatar da ita ne in motsin yaro ya gaza na shekarunsa sosai duk da ya sami damar koyo, abin yana hana shi harkokin gida da makaranta, ya fara tun yana ƙarami, kuma ba wata cutar jijiya ko ta ido ce ta jawo ba. Alamun Auta sun yi kama da ita, musamman da yake jinkirin tafiyarsa ya riga tamowar. Amma ba mu liƙa masa sunan ba. Hukuncin na ƙwararre ne, sannan sharaɗin samun damar koyo yana da wuyar cika ga yaron da bai taɓa riƙe fensir ba sai a aji ɗaya, kuma a cinya yake rubutu.

Da aka kawo zancen kai shi wajen ƙwararre, mahaifin bai ga dalilin zuwa birni ba.

"Ranka ya daɗe hedimasta, yaron da ke ci yana sha yana zuwa allo, me zan ce wa likita yana damunsa?"

"Malam, ba ciwo muka ce ba. Hannu ne yake son horo, akwai waɗanda aikinsu ke nan a sashen gashi, inda ake horar da gaɓoɓi a asibiti."

Aka tsaya a kan za a bar shi a makaranta, tafiyar kuma sai an sayar da riɗi.

Abin da aka yi

Ba a kashe kuɗin kirki ba. An ɗauke shi daga ƙasa aka ba shi gefen benci a gaba. An naɗe fensirinsa da robar tayar keke ya yi kauri, yatsu uku suka sami wurin zama. Rubutu aka koma da shi farko: manyan haruffa da tsinke a kan yashi, sannan da alli a allo, sannan a littafi mai faɗin layi, kuma shi ke zana harafin daga kansa, ba bin ɗigo-ɗigo ba. Yana yi yana faɗin matakan da baki, "sanda, ciki, ƙugiya", wato bakin da ya fi ƙarfi ya ja hannun. A lissafi ɗalibar ta yi wata dabara da na ga ta cancanci a yaɗa: ta juya littafin a kaikaice, layukan suka koma a tsaye, kowace lamba ta sami gidanta. An rage masa kwafa daga allo, aka bar masa abin da ya zama dole. Bulala a kan littafi kuma aka daina.

Dalilin da muka nufi rubutun kai tsaye shi ne, shawarwarin da ƙwararrun ƙasashe suka fitar a 2019 kan yara masu irin wannan matsala sun fifita a koya wa yaro ainihin aikin da yake buƙata. Wanda ake so ya iya ɗaura zariya, zariya za a koya masa. Tsalle-tsalle ba zai koya wa kowa rubuta ɗ ba.

A gida kaka ta karɓi aikin da hannu biyu, ta sa shi ɓarar gyaɗa da tsince wake, ayyukan da a da ake hana shi don yana ɓarna. Yayansa ya riƙa zama da shi suna ƙera motar kara. Alaramma ya fere masa alƙalami mai kauri ya ba shi bayan allo ya riƙa gwada babbaƙu. Aka ƙara ƙuli-ƙuli a kunu, zogale da wake a abinci, ƙwai in kaza ta saka.

Inda aka yi gardama shi ne jarrabawar baki. Hedimasta ya ce son kai ne a yi wa yaro ɗaya ita, kuma jarrabawar shiga sakandare ba da baki ake yi ba. Yana da gaskiya a rabi na biyun, shi ya sa ba a daina horon hannun ba. Amma a aji biyu abin da ake son sani shi ne ko yaro ya gane tarawa da ɗebewa, kuma takarda kaɗai ba ta faɗar wannan. Aka daidaita a kan kashi ɗaya na jarrabawar ajin duka ya zama na baki.

Da aka shigar da ajin gaba ɗaya cikin rubutun yashi da jini-jini mai tsalle da carafke bayan asambuli, sai wani abu ya fito. Yara da dama da ke damƙar fensir irin ta Auta sun gyaru cikin 'yan makonni. Su rashin sabo ne kawai ya dame su. Shi kuwa a hankali ya riƙa motsawa, kuma wannan bambancin shi ne babbar alamar cewa nasa ya wuce rashin sabo. Ɗalibar ta kuma rubuta cewa 'yan matan da suka saba da carafke da kitso da saƙar faifai sun fi saurin kama fensir. Lura ce ta aji ɗaya, ba hujja ba, amma ta sa na daina kallon waɗannan abubuwa a matsayin ɓata lokaci.

Inda aka kwana

Bayan zango biyu rubutunsa ya zama abin karantawa, yana cika rabin shafi kafin a goge allo, kafaɗar kuma ta sauka. A lissafi ya tashi daga sahun ƙarshe ya wuce tsakiyar aji, kuma mafi yawan tashin ya zo ne tun a makonnin farko, da juya littafi da jarrabawar baki, wato kafin hannun ya canza sosai. Wannan ya nuna sanin yana nan tun da, hanyar fita ce babu. Karatu ya ƙaru, amma bai kai lissafi ba. Jininsa ya hau, ya rage gyangyaɗi a aji. Yana ɗaura zariyarsa. Langa har yanzu yana faɗuwa, ƙwallo kuma tana wuce shi.

Duk wanda ya ce carafke ce ta ɗaga makinsa ya yi gaggawa, domin benci da maganin jini da daina duka da rage kwafa duk a lokaci ɗaya suka zo. Abin da zan tsaya a kansa shi ne horon hannu ya gyara hannu, sauke wa hannun kaya kuma ya bar kan ya yi aikinsa.

Wanda zai fi cin moriyar lamarin mai yiwuwa ba Auta ba ne, ɗan kishiyar uwarsa ne da ke rarrafe yanzu. A Kingiston ta Jamaika, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta sun ɗauki yara 129 da suka tsumbure, 'yan wata 9 zuwa 24, a 1986 da 1987. Wasu daga cikinsu ma'aikatan lafiya suka riƙa ziyartar gidajensu kowane mako har shekara biyu, suna koya wa uwa wasa da ɗanta da kayan wasan da aka haɗa a gida. Rahoton 2014 ya nuna waɗannan yara, bayan shekara 20, suna samun kuɗin da ya ɗara na takwarorinsu da ba a yi wa ziyarar ba da kashi 25 cikin ɗari. Inchaji ya yi wa matan gidan wannan bayani, jaririn kuma ana kai shi awo.

Auta zai shiga aji uku, inda kwafa daga allo ta fi yawa kuma malamin wani ne. Ɗalibar ta koma kwaleji. Hedimasta ya rubuta rabin shafi ya maƙala a rijistar ajin: a ba shi benci, a bar masa fensirinsa mai roba, a juya littafin lissafi, a tambaye shi da baki kafin a yanke masa maki. Mahaifin ya sayar da riɗi a Gujungu, ya karɓi takardar turawa zuwa sashen gashi a Dutse, an ba su rana bayan hutu.